Linzamin Harshe: Koyarwar Kirista a kan Kame Baki da Yadda ta Zauna a Ƙasar Kano

Duk wanda ya san ƙasar Gabasawa, daga Zakirai zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Gona tana manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko na lalle, kuma maigida yana jin tarin maƙwabcinsa daga turakarsa. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara binciken karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gonakin wannan yanki kowace shekara ba hutu, ana riƙe su da taki. A irin wannan zama magana ba ta da maɓoya. Abin da aka faɗa a bakin rijiya da hantsi, kafin la'asar ya isa dandali. Shi ya sa kakanninmu suka ce magana zarar bunu ce, suka kuma ce baki shi ke yanka wuya.

Mutanen Zakirai Musulmi ne, kuma ɗan makarantar da ya fara Ahalari ya ci karo da umarnin tsare harshe tun a shafukan farko. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Kiristoci ma suna da koyarwa mai nauyi a kan wannan batu, kuma an daɗe da zuba ta cikin Hausa. Wannan maƙala za ta duba koyarwar, sannan ta bi sawunta a ƙasar Kano. Dalili kuwa shi ne, tarihin Kiristanci a wannan ƙasa yawancinsa tarihin harshe ne: wa aka yarje wa ya yi magana, a ina, da wace irin murya, kuma me ya biyo baya.

Abin da littafinsu ya ƙunsa

Inda koyarwar ta fi taruwa shi ne Wasiƙar Yakubu, wata gajeriyar wasiƙa mai surori biyar a Sabon Alkawari. A sura ta uku marubucin ya jero misalai waɗanda Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa su. Ya kamanta harshe da linzami, ɗan ƙarfen da ake sarrafa ƙaton doki da shi. Ya kamanta shi da ɗan abin da matuƙi ke juya babban jirgin ruwa da shi, sannan da tartsatsin wuta mai cinye daji. Ya ce ɗan Adam ya horar da dabbobi iri-iri amma harshensa ya gagare shi. Abin da ya fi damunsa shi ne baki ɗaya ya yabi Allah, ya juya ya tsine wa mutumin da Allah ya halitta, alhali rijiya ɗaya ba ta ba da ruwan daɗi da na zartsi. Tun a sura ta farko ma ya yanke hukunci cewa ibadar wanda bai sa wa harshensa linzami ba, banza ce. Wannan magana ce mai tsauri, domin ta mayar da kame baki ma'aunin addinin mutum gaba ɗaya.

A Linjilar Matta, sura ta 12, an rawaito Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, yana gargaɗin cewa za a yi wa mutane hisabi a kan kowace maganar banza. A sura ta 5 ya hana mabiyansa yawan rantsuwa, ya nemi maganarsu ta tsaya da ƙafarta, ya kuma ɗauki zagin ɗan'uwa laifi babba. Littafin Karin Magana cike yake da jan kunne a kan gulma da annamimanci da yawan surutu, kuma cikin Dokoki Goma akwai hanin shaidar zur.

Magabatansu na Afirka sun ɗauki abin da gaske. Ana ba da labarin wani mai zuhudu a hamadar Masar, Abba Agaton, wanda ya riƙa sa tsakuwa a bakinsa har shekara uku don ya koyi yin shiru. Agustin kuwa, babban malamin da ya yi bishop a garin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya sa an rubuta gargaɗi a teburin cin abincinsa cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wurin zama. Almajirinsa Posidiyus ya ce har manyan baƙi ya taɓa tsawatar wa a kan haka.

Sai dai akwai wani ƙulli. Addinin da ya ce a kame baki shi ne kuma ya umarci mabiyansa su yi shelar bishara ga dukan al'ummai. Manzanni sun yi ƙoƙarin haɗa biyun: Wasiƙar Bitrus ta fari ta ce mai bi ya ba da amsa ga wanda ya tambaye shi, amma da tawali'u da girmamawa, Bulus kuma ya nemi magana da waɗanda ba Kirista ba ta zama mai ɗanɗano kamar abincin da gishiri ya ji. A takarda abin ya daidaita. A ƙasar Kano kuwa, wannan ƙulli shi ne ya yi ta dawowa fiye da shekara ɗari.

Yadda ta shiga Hausa

Wanda ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa shi ne J. F. Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, wanda ya fitar da Linjilar Matta a 1857. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya same ta, yaron nan da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano, inda ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Shi kansa Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, da aikin mishan ya fara zuwa Nijeriya kafin ya koma na gwamnati, haka ma G. P. Bargery mai babban ƙamusun nan na 1934.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller ne ya ɗauki mafi yawan nauyin aikin tare da abokan aikinsa Hausawa. An fitar da sabuwar fassara wajen 1980. Wani ɗan sauyi da aka yi ya cancanci a lura da shi: littafin da tsohuwar fassara ta kira Misalai, sabuwa ta kira shi Karin Magana. A ganina masu fassarar sun gane cewa ba baƙon abu suke kawowa ba. Hausa ta riga ta tanadi suna ga kowace cutar baki: gulma, tsegumi, ƙazafi, habaici, zambo, ashar, baki biyu. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a ɗan littafinsa na 1974, gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi suna ciki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba a baki ake fara gane ta ba.

Daga Malam Ibrahim zuwa Miller

Tun kafin zuwan Turawa an taɓa rasa rai a Kano saboda magana a kan Annabi Isa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajen 1867, aka kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar birni, saboda ya dage yana koyar da matsayin Annabi Isa ta hanyar da malaman fada suka ƙi. Ba Kirista ba ne. Daga karatun Alƙur'ani ya ɗauko fahimtarsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau, suka riƙe abinsu a tsakaninsu shekaru da dama. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller a Zariya, aka kafa musu ƙauyen Gimi, wanda ciwon barci ya tarwatsa bayan 'yan shekaru.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin 'yan mishan, ciki har da Miller, suka shigo Kano ba da gayyata ba. Sarki Alu bai ba su damar dogon bayani ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Jami'an da suka biyo bayansa suka fassara alkawarin da cewa kada a bar mishan ta shiga masarautun Musulmi. Don haka ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari, cocin da aka gina na baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu.

Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya daga 1905 har zuwa lokacin da aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Ya iya Hausa ƙwarai, kuma mutum ne da ba ya haɗiye magana. Ya soki sarakuna, ya soki Turawan mulki, ya kai ƙarar zaluncin da ya ce ya gani, kuma rahotanninsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Masu kare shi za su ce koyarwar kame baki ba ta hana faɗin gaskiya a kan zalunci ba, kuma suna da hujja daga littafinsu. Amma 'yar'uwarsa Ethel Miller ta wuce gona da iri. Wajen 1926 ta buga wata ƙasida mai ɓatanci ga Annabin Musulunci, abin da ya fusata Musulmi, ya kuma ba jami'an gwamnati hujjar da suke nema ta ci gaba da toshe ƙofa. Abin da ta rubuta ya saɓa wa sharaɗin girmamawa da Bitrus ya gindaya, kuma 'yan mishan ɗin da ba su ji ba ba su gani ba sun sha ɗacinsa.

Takunkumin gwamnati

Sai a cikin shekarun 1930 aka sassauta, shi ma da sharuɗɗa. An hana wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci, an hana bin gida-gida, an kuma hana koya wa yaran Musulmi da ba su kai shekara 18 ba addinin Kirista. Da waɗannan sharuɗɗa mishan ɗin SIM ta shigo Kano, ta karɓi kula da kutare a 1937 bisa yarjejeniya da En'e, a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a karkara, irin su Roni da Garun Gabas, waɗanda suka faɗa Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991. Mai son cikakken labarin ya nemi littafin Shobana Shankar na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewa.

Ta nan ne talakan karkara irin na Zakirai ya fara haɗuwa da Kirista ido da ido: a layin karɓar magani, a asibitin ido, ko a tashar jirgin da ya bi ta garin zuwa Nguru, inda titin ya isa a 1930. Kiristan da ya gani mai ɗaure ciwo ne ko mai yankar tikiti, kuma da wuya ya ji wa'azi daga bakinsa.

A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Shirun da doka ta ɗora wa 'yan mishan takunkumi ne, irin wanda ake sa wa kura, kuma sun yi ta kuka da shi, wasu ma suna zagaye shi ta bayan fage. Abin da Yakubu ya nema kuwa linzami ne, wanda mahayi ke riƙe da kansa don dokin ya kai shi inda ya nufa. Ranar da aka cire takunkumi ake gane wanda yake da linzami. Bayan samun 'yancin kai a 1960 tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini da na yaɗa shi, sai wannan jarrabawa ta zo.

Hausawa Kirista na karkara

Waɗanda suka fi cin jarrabawar, a ganina, su ne waɗanda ba a cika jin labarinsu ba. Ƙasar Kano tana da Maguzawa tun fil'azal, kuma a cikinsu Joseph Greenberg ya yi bincikensa a 1938 zuwa 1939. A cikin shekarun 1960 da 1970 addinin gargajiya ya ja da baya ƙwarai. Da yawa sun musulunta, musamman a lokacin rangadin Sardauna na 1963 zuwa 1965, wasu kuma suka shiga coci, galibi ECWA wadda ta gaji SIM a 1954, da Angilika da Katolika. An fi samun su a kudanci da yammacin jihar, a ƙasashen Rogo da Karaye da Sumaila da Tudun Wada. Wasunsu sun zaɓi a kira su Masihiyawa, don sunan Nasara ya riga ya zama na Bature, kuma ba sa son a ɗauke su baƙi a ƙasar kakanninsu.

Ga irin wannan mutum kame baki abin rayuwar yau da gobe ne. Wansa Musulmi ne, gonarsu ɗaya aka raba, kasuwarsu ɗaya, dagacinsu ɗaya. Da Hausa yake ibada, sunan Allah yake kira, yana cewa in Allah ya yarda, yana yi wa maƙwabcinsa barka da shan ruwa. Ya san kalmomin da ke cikin aƙidarsa waɗanda kunnen Musulmi ba ya ɗauka, ya san kuma ba a bakin rumfar mahauta ake tattauna su ba. Kunyar Bahaushe, wadda ta hana uwa kiran sunan ɗan farinta, ta riga ta koya masa cewa ana iya riƙe abu da daraja ba tare da an furta shi a ko'ina ba. Wasu Kiristoci daga waje suna ganin wannan tsoro ne. Akwai tsoro a ciki, ba za a musa ba, domin marasa rinjaye ne, kuma ƙorafinsu a kan filin gina coci da guraben aiki da aurar da 'ya'yansu mata ba da saninsu ba sananne ne. Amma wanda ya ce tsoro ne kaɗai bai san irin gwanintar da zaman gida ɗaya da addini biyu ke bukata ba.

Nauyin bai tsaya a kansu su kaɗai ba. Malamin makaranta ya fi kowa sanin yadda kalmar arne ke fita daga bakin yara a filin wasa, da yadda takan bi yaro har gida. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, makarantun karkara suke karɓar matasa Kirista daga kudu, waɗanda ba su san inda ramukan magana suke ba. Shugaban makarantar da ya zaunar da irin wannan baƙo a makon farko ya bayyana masa, ya kuma ja kunnen ɗalibansa, ya yi aikin da rundunar 'yan sanda ba za ta iya yi daga baya ba.

Zamanin lasifika

Manyan fitinun addini da Arewa ta gani daga shekarun 1980, da yawansu daga kalma suka tashi. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azi da ya bar Musulunci ya kawo ayoyin Alƙur'ani cikin wa'azinsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, faɗa ya kaure. Labarin ya bi rediyo da bakin mutane, yana ƙara kumbura, kafin mako ya zagayo an ƙona coci-coci a Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, bayan masallatan da aka taɓa a Kafanchan. Wusasa, wadda mutanenta suka shekara kusan sittin suna zaman lafiya da birni, ba ta tsira ba.

A watan Oktoba na 1991 aka shirya wa mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke babban taro a Kano. An cika gari da takardun talla, kuma kalmar Turancin da aka raɗa wa taron ita ce wadda a tarihi ake kiran yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya da ita. Ga masu shiryawa kalma ce da suka saba, ma'anarta taron wa'azi. Ga mutanen birni kuwa ta zo da wani kaya daban, ga kuma jin haushin cewa an hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Ranar 14 ga wata zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi asarar rayuka masu yawa daga ɓangarorin biyu, taron kuma bai yiwu ba. Bonnke ya tafi. Waɗanda suka zauna da abin da ya biyo baya su ne mazauna Sabon Gari da Fage da 'yan ƙauye masu ƙaramin coci na jinka.

Kada a fahimci wannan da cewa maganar da ba a auna ba ta halatta jini. Babu shari'ar da ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci, kuma Kundin Penal Code na Arewa ya tanadi sashe na 210 don wanda ya ci mutuncin addinin wani, a gaban alƙali. Sau da yawa ma harshen da ya yi ɓarna shi ne na mai kai labari. Dattijuwar 'yar kasuwa da aka kashe a Ƙofar Wambai a watan Yuni na 2016, a kan zargi aka kashe ta, ba a gaban kotu ba, kuma gwamnatin jiha da shugabannin Musulmi sun yi tir da kisan. Na ɗalibar Kwalejin Shehu Shagari a Sakkwato, a watan Mayu na 2022, daga saƙon murya a WhatsApp ya faro, kuma Sarkin Musulmi ya la'anci abin da aka yi. Tartsatsin da Yakubu ya kwatanta ya sami sabuwar iska: saƙon da a da sai ya kwana uku kafin ya taso daga birni ya iso Zakirai, yanzu yana aljihun kowane saurayi kafin a idar da salla.

Akwai waɗanda suka ɗauki darasin daga cikin wutar. Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992 a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma suna cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002, wadda malamai da limaman coci suka sa wa hannu. Wata uku bayan sa hannun, wani rubutu a jaridar ThisDay a kan gasar sarauniyar kyau ya sake tayar da garin.